Kalmomi bakwai da aka goge: yadda Indonesiya ta sama wa addini gurbi a tushen ƙasa

Duk wanda ya taɓa sauke farali ya ga alhazan Indonesiya. Su ne masu tafiya rukuni-rukuni cikin kaya iri ɗaya, jagoransu na gaba riƙe da 'yar tuta, ba hayaniya ba ture-ture. Ƙasarsu ce ke samun kaso mafi tsoka na kujerun Hajji, kujera 221,000 a shekara, domin an daɗe ana lissafa ta a matsayin ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun kai miliyan 270, kuma kusan kashi 87 cikin ɗari Musulmi ne.

Amma in ka ɗauki kundin tsarin mulkin wannan ƙasa ka karance shi tas, ba za ka ga inda aka ce Musulunci ne addinin gwamnati ba. Haka kuma ba za ka ga inda aka ce ƙasar ba ruwanta da addini ba. Abin da sashe na 29 ya ce shi ne an gina ƙasar a kan imani da Ubangiji Maɗaukaki Makaɗaici, kuma gwamnati ta lamunce wa kowa ya riƙi addininsa ya yi ibadarsa. Wannan lafazi yana da tarihi. A daftarin da aka amince da shi tun farko akwai wasu kalmomi bakwai da suka ambaci Shari'ar Musulunci ƙarara, aka goge su da safiyar 18 ga Agusta 1945, kwana ɗaya bayan shelar 'yancin kai. Tun daga wannan rana, kusan duk wata taƙaddama kan addini da mulki a Indonesiya, in ka bi sawunta, wajen waɗannan kalmomi za ta kai ka.

Holan ce ta yi wa waɗannan tsibirai sama da 17,000 mulkin mallaka, har zuwa 1942 da Japan ta kore ta a Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ga yaƙi ya juya mata baya a farkon 1945, sai ta kafa kwamitin share fagen 'yancin kai mai mambobi kimanin 60, ƙarƙashin wani dattijon likita, Radjiman Wedyodiningrat. Ranar da suka fara zama, 29 ga Mayu, ya jefa musu tambaya guda: ƙasar nan da za mu kafa, a kan me za mu ɗora ta?

Nan kawuna suka rabu. Akwai wakilan ƙungiyoyin Musulunci, irin su Ki Bagus Hadikusumo, shugaban Muhammadiyah wadda aka kafa a 1912, da Wahid Hasyim na Nahdlatul Ulama wadda mahaifinsa Hasyim Asy'ari ya jagoranci kafawa a 1926. Hujjarsu a bayyane take: mafi yawan jama'a Musulmi ne, Musulunci ne ya riƙa zaburar da gwagwarmaya da Bature tun daga yaƙin Diponegoro a Jawa har zuwa yaƙin Aceh, saboda haka shi ya cancanci zama tushe. Ɗaya ɓangaren kuma su ne 'yan kishin ƙasa, su Sukarno da Mohammad Hatta, waɗanda daga baya suka zama shugaban ƙasa na farko da mataimakinsa, da masanin shari'a Supomo. Ya kamata a lura cewa yawancin waɗannan ma Musulmi ne, Hatta kuwa an shaide shi da riƙon addini. Damuwarsu ita ce Kiristocin gabas a Maluku da Minahasa da Flores, da 'yan Hindu na Bali, da sauran waɗanda za su ji ƙasar ba tasu ba ce in aka rubuta mata addini guda. Wato gardamar tun asali tsakanin Musulmi da Musulmi take.

Ranar 1 ga Yuni Sukarno ya tashi ya yi jawabin da ya kawo shika-shikai biyar: kishin ƙasa, 'yan'uwantakar bil'adama, mulki ta hanyar shawara da wakilci, walwalar jama'a, sai imani da Ubangiji a na biyar. Ya raɗa musu suna Pancasila, kalma mai asali daga harshen Sanskirit. (Bahaushe in ya karanta ta yadda aka rubuta, ya faɗe ta daidai, don harafin c ɗinsu irin namu ne.) Shi da kansa ya tuna wa majalisar cewa shika-shikan Musulunci biyar ne, yatsun hannu ma biyar ne. Ga masu son Shari'a kuwa ya ce hanya a buɗe take: ku cika majalisar dokoki da wakilanku, dokokin da za su fito za su zama masu ruhin Musulunci. Wannan magana ba ta gamsar da su ba. Ina kuma ganin dalilinsu. An sa Ubangiji a ƙarshen jeri, sannan abin da suke ɗauka wajibi an mayar da shi abin da sai an ci zaɓe za a samu.

Sai aka ware mutum tara su je su sasanta. Huɗu daga ɓangaren Musulunci: Wahid Hasyim, Abdul Kahar Muzakkir, Agus Salim da Abikusno Tjokrosujoso. Sauran su ne Sukarno, Hatta, Mohammad Yamin, Achmad Subardjo, da Kirista ɗaya tilo, A.A. Maramis daga Minahasa. Ranar 22 ga Yuni suka sa hannu kan takardar da aka sani da Yarjejeniyar Jakarta, wadda aka nufa ta zama gabatarwar kundin tsarin mulki. An ɗauko imani da Ubangiji daga na biyar aka mai da shi na farko, aka kuma ɗora masa kalmomi bakwai a harshen Indonesiya: dengan kewajiban menjalankan syariat Islam bagi pemeluk-pemeluknya. Ma'anarsu: tare da wajabcin aiwatar da Shari'ar Musulunci a kan mabiyansa.

A tsaya a kalli wannan jimla da kyau, domin rabin rikicin yana cikinta. Wajibi a kan wa? In ana nufin wajibi ne a kan kowane Musulmi ya bi Shari'a, to wannan ba sabon abu ba ne, tun kafin a yi kundin tsarin mulki haka yake. In kuwa ana nufin wajibi ne a kan gwamnati ta tilasta wa Musulmi bin Shari'a, to nan tambayoyi za su yi ta ɓullowa: wace Shari'a, a fahimtar wace mazhaba, ta tsaya a aure da gado ko ta haɗa da haddi, kuma wa zai tantance wane ne Musulmi? A Jawa akwai miliyoyin mutane da ke amsa sunan Musulunci amma suna cakuɗa shi da al'adun gargajiya. A Minangkabau, ƙasar su Hatta, gadon gonakin dangi ta wajen uwa yake bi. Da aka koma babban zama a watan Yuli, Johannes Latuharhary, Kirista daga Maluku, ya yi ƙorafi cewa jimlar za ta yi karo da al'adun gargajiya, kuma wasu Musulmi ma suka nuna fargabar za ta buɗe ƙofar tsanani. Ki Bagus shi kuma ta wani gefen ya soke ta, yana so a cire "a kan mabiyansa" don kada ƙasa ɗaya ta zama da doka biyu. Duk da haka Sukarno ya roƙi kowa ya haƙura, ya ce da ƙyar aka kai ga wannan sulhu. Aka amince. Har aka ƙara da sharaɗin cewa shugaban ƙasa sai Musulmi.

Japan ta miƙa wuya ranar 15 ga Agusta. Ranar Juma'a 17 ga wata, cikin azumin Ramadan, Sukarno ya karanta shelar 'yancin kai, Hatta na gefensa. Bisa abin da Hatta ya rubuta daga baya, da yammacin wannan rana wani hafsan sojan ruwan Japan ya zo masa da saƙo. Sojan ruwa ne ke riƙe da tsibiran gabas a lokacin. Saƙon ya ce wakilan Kiristocin gabas sun yarda kalmomin bakwai ba su ɗora musu komai ba, amma rubuta su a tushen ƙasa wariya ce, kuma in aka bar su, gara su zauna a wajen jamhuriyar.

Ka sa kanka a matsayin Hatta a wannan dare. Ƙasa kwananta ɗaya da haihuwa, ba ta da soja, ba ta da gwamnati. Sojojin ƙawance na kan hanya, Holan na biye da su da niyyar karɓe abin da take ganin nata ne, kuma ba abin da take nema kamar ɓaraka tsakanin gabas da yamma. Wannan fargaba ta tabbata, domin a ƙarshen 1946 Holan ta kafa wata ƙasa ta daban a gabashin tsibiran. Washegari da safe, kafin kwamitin da zai tabbatar da kundin ya zauna, Hatta ya keɓe da wasu jagororin Musulmi, cikinsu har da Ki Bagus, da Kasman Singodimedjo, da Teuku Mohammad Hasan mutumin Aceh. Hatta ya ce maganar ba ta kai minti goma sha biyar ba. Wasu ruwayoyin sun nuna Ki Bagus ya turje, sai da Kasman, ɗan'uwansa a Muhammadiyah, ya lallashe shi da harshen Jawa, yana tuna masa halin da ƙasa ke ciki da kuma alƙawarin cewa nan da wata shida majalisar wakilan jama'a za ta zauna a sake duba komai.

Aka goge kalmomin bakwai. A madadinsu aka siffanta Ubangijin da Yang Maha Esa, wato Maɗaukaki Makaɗaici. Aka cire sharaɗin shugaban ƙasa ya zama Musulmi. Har kalmar Larabci muƙaddima da ke saman gabatarwar aka sauya ta da ta harshen ƙasa. Abin da ya saura shi ne jimlar da ke cewa an samu 'yanci da albarka da rahamar Allah Mai Iko Duka, kuma wannan bai dami Kiristoci ba, don su ma Allah suke cewa a cocinsu, kamar dai yadda Kirista Bahaushe ke faɗa. Sukarno ya shaida wa zaman cewa wannan kundi na wucin gadi ne, an yi shi cikin gaggawa, in ƙura ta lafa za a yi cikakke.

Shin cin amana ne aka yi, ko sadaukarwa? Har gobe 'yan Indonesiya ba su gama wannan muhawara ba. Masu kare matakin sukan kawo Sulhun Hudaibiyya, inda Suhailu bin Amr ya ƙi yarda a rubuta Bismillahir Rahmanir Rahim, ya kuma ƙi a rubuta "Manzon Allah", Annabi (SAW) ya amince aka goge, sahabbai na jin zafin abin, daga baya sulhun ya zama buɗi. Misalin yana da ƙarfi, kuma ni ma ina ganin su Ki Bagus sun yi abin da ya dace. Da sun kafe, da wuya a samu Indonesiyar da muka sani yau, kuma Musulmin da ke zaune a tsibiran gabas su ne za su fara ɗanɗana kuɗarsu. Sai dai akwai inda misalin bai zauna daidai ba. A Hudaibiyya shugaban al'umma ne da kansa ya yanke hukunci a gaban jama'arsa. A Jakarta kuwa, abin da mutum tara suka sa wa hannu, babban kwamiti ya tattauna na kwanaki ya amince, shi aka warware cikin 'yan mintuna a gefen zaure, bisa saƙon da mutum ɗaya ya ce an kawo masa. Uku daga cikin jagororin Musulunci huɗu da suka sa hannu a watan Yuni ba su ma cikin kwamitin da ya zauna ranar. Hukuncin ya yi daidai, amma hanyar da aka bi ta bar miki, kuma duk mai son ta da fitina daga baya wannan mikin yake famawa.

Wata shida da aka yi alƙawari ya zama shekara goma. Yaƙi da Holan ya ci har ƙarshen 1949. Kafin nan wani jagoran mayaƙa Musulmi, Kartosuwirjo, ya riga ya shelanta Daular Musulunci ta Indonesiya a yammacin Jawa, ranar 7 ga Agusta 1949, tawayen da ake kira Darul Islam, wanda ya bazu zuwa kudancin Sulawesi da Aceh, bai kuma mutu a Jawa ba sai da aka kama shi aka kashe a 1962. Wannan tawaye ya yi wa masu neman Shari'a ta hanyar majalisa mummunar illa, don ya sa sojoji sun riƙa kallon duk mai ambaton kalmomin bakwai da idon zargi.

Da aka yi zaɓen farko a 1955, sakamakon ya ba mutane da yawa mamaki. Jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta samu kusan kashi 22, Masyumi ta Musulunci kusan 21, Nahdlatul Ulama 18, 'yan gurguzu 16. In aka tattara dukkan jam'iyyun Musulunci, ba su kai rabi ba. A ƙasar da kusan mutum tara cikin goma Musulmi ne, wannan na nufin ɗimbin Musulmi sun jefa ƙuri'arsu ga waɗanda ba su yi kiran kafa daular Musulunci ba. Majalisar tsara sabon kundi ta zauna a Bandung daga 1956. Mohammad Natsir na Masyumi ya tsaya ya kare Musulunci a matsayin tushen ƙasa da hujjoji masu zurfi, yana cewa Pancasila ba ta da saiwa, kowa na iya zuba mata ma'anar da ya ga dama, har wanda bai yarda da Allah ba. Kasman ya tashi ya nemi a cika alƙawarin da shi da bakinsa ya isar wa Ki Bagus, wanda ya rasu tun 1954 bai ga zaman ba. A ƙarshen Mayun 1959 aka kaɗa ƙuri'a kan maido da kalmomin bakwai: 201 suka goyi baya, 265 suka ƙi. Ba ɓangaren da ya iya haɗa kashi biyu cikin uku da ake buƙata don zartar da komai. Ranar 5 ga Yuli Sukarno ya rushe majalisar da doka ta shugaban ƙasa, ya maido da kundin 1945, ya kuma sa wata jimla cewa Yarjejeniyar Jakarta ita ce ruhin kundin kuma haɗe take da shi. Masana shari'a sun yi ta kai ruwa rana kan ko wannan jimla tana da ƙarfin doka. A shekarar da ta biyo baya ya haramta Masyumi.

In mutum ya tsaya a nan zai ɗauka Musulunci ya yi asara ke nan. Abin da ya faru a aikace ya sha bamban, kuma a ganina nan ne gundarin labarin yake. Ranar 3 ga Janairu 1946, ƙasa da wata biyar bayan goge kalmomin, aka kafa Ma'aikatar Harkokin Addini. Ita ke rajistar auren Musulmi ta ofisoshinta da ke kowace gunduma, ita ke kula da dubban makarantun Islamiyya da jami'o'in Musulunci na gwamnati, ita ta shafe shekaru tana shirya aikin Hajji, kuma tana da sassa na Kiristocin Furotesta da Katolika da Hindu da Buddha. Dokar aure ta 1974, bayan zanga-zangar da Musulmi suka yi kan daftarinta na farko, ta ce aure ba ya inganta sai an ɗaura shi bisa addinin ma'auratan. Dokar 1989 ta tsayar da kotunan addini da ƙafafunsu, suna hukunci kan aure da saki da gado da wasiyya da wakafi. A 1991 aka harhaɗa hukunce-hukuncen fiƙihu cikin kundi guda don alƙalai, a shekarar kuma aka kafa Bank Muamalat, bankin Musulunci na farko a ƙasar. Dokar zakka ta zo a 1999, ta bankin Musulunci a 2008, ta tantance halal a 2014. Kusan duk abin da ya shafi rayuwar Musulmi ta yau da kullum ya shiga dokar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙofar majalisa, wato hanyar da Sukarno ya nuna a jawabinsa na 1 ga Yuni. Abin da bai shiga ba shi ne dokokin laifuka.

Ɗan Najeriya zai ji wannan labari kamar ya san shi. Mu ma a 1978 wakilai masu goyon bayan Shari'a sun fice daga majalisar tsara kundin mulki da Mai Shari'a Udo Udoma ya shugabanta, kan batun kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya, sai da gwamnatin Obasanjo ta sa baki. Sulhun da aka yi ya bar wa jihar da ke so ta kafa tata kotun, aka kuma tanadi alƙalai masana Shari'a a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya. Sashe na 10 na kundinmu ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati, gabatarwarsa kuma ta ce ƙasa ɗaya ce ƙarƙashin Allah, kalmar "sekula" da ake ta jifan juna da ita ba ta ciki ko sau ɗaya. Bambancin shi ne mu mun tsaya a kan hani, mun faɗi abin da gwamnati ba za ta yi ba. Su kuwa sun rubuta wata aƙida da aka ce kowa ya yi tarayya a cikinta.

Wannan aƙida tana da tsada, kuma bai kamata mai yabon Indonesiya ya rufe ido a kanta ba. Da zarar gwamnati ta ce tushenta imani ne da Ubangiji Makaɗaici, to ta ba kanta ikon cewa wane ne ya cika sharaɗin. Wata dokar Sukarno ta 1965 kan ɓatanci ga addini ta lissafa addinai shida: Musulunci, Kiristancin Furotesta, Katolika, Hindu, Buddha da tafarkin Konfushiyos. Tun kafin nan 'yan Hindu na Bali sai da suka fito da sunan Sang Hyang Widhi Wasa a gaba a matsayin abin bauta mafi ɗaukaka kafin ma'aikatar addini ta karɓe su. Mabiya Buddha ma suka yi makamancin haka. Masu addinan gargajiya kuwa aka ce nasu al'ada ce kawai. Bayan yunƙurin juyin mulkin 1965, lokacin da aka kashe mutanen da akasari ake ƙiyasta sun kai rabin miliyan bisa zargin gurguzu, rashin addini a takarda ya zama abin da zai iya jawo wa mutum halaka, jama'a da yawa suka ruga suka shiga ɗaya daga cikin addinan da aka amince da su don tsira da rai.

Suharto, wanda ya karɓi mulki bayan wannan zubar da jini, shi ya mai da Pancasila sanda. Ya matse jam'iyyun Musulunci cikin jam'iyya guda a 1973. Ya tilasta wa ma'aikata da ɗalibai zaman kwasa-kwasan koyon Pancasila. Daga nan ya ce kowace jam'iyya da kowace ƙungiya, har ta addini, dole ta rubuta Pancasila a matsayin tushenta tilo, abin da ya zama doka a 1985. Jam'iyyar Musulmin nan sai da ta cire hoton Ka'aba daga tambarinta ta sa tauraro. A Satumban 1984 sojoji suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga Musulmi a unguwar Tanjung Priok ta Jakarta, aka kashe mutane da dama. Abin da Natsir ya hango ya tabbata ta wata fuska: jimlar da kowa zai iya fassarawa, mai bindiga ne ke da fassarar ƙarshe.

Yadda malaman Nahdlatul Ulama suka fita daga wannan tarko ya cancanci a yi nazarinsa. A taronsu na Situbondo a ƙarshen 1983, bisa jagorancin Kiai Achmad Siddiq, suka fitar da matsaya: Pancasila ba addini ba ce, ba za ta maye gurbin addini ba, kuma shika ta farko, a fahimtar Musulmi, tauhidi take nunawa. Da wannan suka karɓe ta ba tare da sun saki aƙidarsu ba, suka kuma ƙwace wa gwamnati ikon zama ita kaɗai mai fassara. Wasu sun kira wannan miƙa wuya. Ni ina ganinsa a matsayin fiƙihu na mutanen da suka san ƙasarsu. Wanda taron shekara ta gaba ya zaɓa ya shugabanci ƙungiyar shi ne Abdurrahman Wahid, ɗan Wahid Hasyim ɗin nan da ya sa hannu kan kalmomin bakwai. Da ya zama shugaban ƙasa a 1999, shi ya ɗage takunkumin da Suharto ya ƙaƙaba wa al'adu da addinin 'yan asalin Sin.

Gwajin gaskiya ya zo a 2002. Suharto ya faɗi tun 1998, ba sauran tsoron soja, ana yi wa kundin 1945 gyara a fili. Jam'iyyun Musulunci biyu suka kawo shawarar a maido da kalmomin bakwai cikin sashe na 29. Wannan karon waɗanda suka fito suka ce a'a su ne shugabannin Nahdlatul Ulama da Muhammadiyah, Hasyim Muzadi da Ahmad Syafii Maarif, wato magadan Wahid Hasyim da Ki Bagus. Majalisar, wadda tsohon shugaban Muhammadiyah Amien Rais ke jagoranta, ta bar sashen yadda yake. A wurina wannan zama ne ya wanke abin da aka yi a gaggauce a 1945, domin a nan an yi muhawara a bainar jama'a, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Lardin Aceh, bayan dogon yaƙin aware da bala'in tsunami na Disambar 2004 da sulhun Helsinki na 2005, yana da ikon aiwatar da Shari'a har da dokokin laifuka, waɗanda suka fara aiki a 2015, ana kuma yin bulala a fili. A Jakarta, gwamna Basuki Tjahaja Purnama, Kirista ɗan asalin Sin, ya sha ɗaurin shekara biyu a 2017 saboda furucinsa kan aya ta 51 ta Suratul Ma'ida, bayan gangamin da ya cika tsakiyar birnin. A shekarar nan kuma gwamnati ta haramta ƙungiyar Hizbut Tahrir bisa dalilin cewa kiran halifanci ya saɓa wa Pancasila. Wata ƙa'ida da aka fitar a 2006 ta ce kafin a gina wurin ibada sai an kawo sunayen masu amfani da shi 90 da amincewar maƙwabta 60, sharaɗin da ke hana Kiristoci gina coci a wasu garuruwan Jawa, yake kuma wahalar da Musulmi a yankunan da su ne marasa rinjaye.

Katin shaidar ɗan ƙasa a Indonesiya yana da gurbin addini. Shekara da shekaru masu bin addinan gargajiya, irin su Marapu a tsibirin Sumba da Parmalim a ƙasar Batak, ko dai su rubuta addinin da ba nasu ba, ko a bar musu gurbin fayau, abin da ke jawo musu cikas wajen rajistar aure da takardar haihuwar 'ya'ya da neman aiki. Wasu daga cikinsu suka kai ƙara Kotun Tsarin Mulki, a Nuwamban 2017 ta ba su gaskiya. Yanzu ana rubuta musu a katin cewa su masu imani ne da Ubangiji Maɗaukaki Makaɗaici, da kalmomin nan Yang Maha Esa da aka sa a gurbin bakwai ɗin da aka goge.